Mariƙin Waya da Karatun Bugaggen Rubutu: Nasiha ga Matasa Makafi

Yatsa yana bambance tsabar kuɗi da maɓallin riga, yana kuma gane saƙar tabarma da bakin ƙofa, amma idan aka ɗora shi a kan shafin da aka buga da tawada ba ya jin komai sai santsin takarda, kuma a nan ne ɗalibi makaho yake cijewa ko da ya fi kowa a ajinsu kaifin basira. Takardun darasi da malamai ke rabawa, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da wasiƙar ɗaukar aiki, da sakamakon gwajin asibiti, duk da tawada suke zuwa, kuma Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa abin da ake mayarwa zuwa siffar da makaho zai iya karantawa da kansa bai kai kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ba. Hanyar da aka gada ita ce a nemi mai ido ya karanta wa mutum, wanda taimako ne mai lada, sai dai mai karantawar yana da nasa uzurin da tasa gajiyar, kuma duk abin da ya karanta ya san shi ke nan. Wayar hannu ta zamani ta rage wannan dogaro ƙwarai, amma matasa da yawa sukan gwada ta sau biyu ko uku, su ji muryar tana zubo haruffa marasa kai da gindi, sai su yanke hukuncin cewa manhajar ce ba ta da kirki, alhali kuwa a mafi yawan lokuta hoton da aka ba ta ne ya lalace tun kafin ta fara aikinta.

Abin da ke gudana a cikin wayar mataki uku ne a jere. Kyamara ce take fara ɗaukar hoton shafin, sa'an nan fasahar gane haruffa, wadda ake taƙaita sunanta da OCR, ta bi baƙaƙen siffofin da ke kan farar takarda tana tantance wanne ne harafi da kuma wane harafi ne, daga ƙarshe mai karanta allo, wato manhajar da ke furta abin da ke fuskar waya, ya karanto sakamakon da murya. TalkBack ne ke wannan aikin a wayoyin Android, VoiceOver kuma a iPhone, dukansu biyu sun shiga wayoyi a shekarar 2009. Tun kafin wayar an yi ta neman hanya: a 1971 aka fara sayar da Optacon, na'urar da John Linvill na Jami'ar Stanford ya ƙirƙiro saboda 'yarsa makauniya, inda mai karatu ke jan ƙaramar kyamara a kan layi yayin da allurai 144 ke karkarwa a ƙarƙashin manuninsa cikin siffar harafin. A watan Janairun 1976 Ray Kurzweil ya bayyana na'urarsa mai karanta bugaggen rubutu da murya, wadda kuɗinta ya kai kimanin dala 50,000, mawaƙin nan makaho Stevie Wonder yana cikin waɗanda suka fara mallakarta. Aikin ya shiga wayar Nokia N82 a 2008 da sunan KNFB Reader, ya isa iPhone a 2014, sai kamfanin Microsoft ya fitar da Seeing AI kyauta a 2017, Google ya biyo baya da Lookout a 2019, kuma a ƙarshen 2023 Seeing AI ya samu a Android, abin da ya fi shafar ɗaliban Kano da Zariya da Sakkwato, inda wayoyin Tecno da Infinix da Samsung suka fi yawa a hannun jama'a.

Akwai abu guda da ya ɓace a wannan tafiyar daga babbar na'ura zuwa aljihu, kuma fahimtarsa ce tushen dukan nasihar da ke tafe. Na'urar Kurzweil da injin sikanin na ofis suna da gilashin da ake kifa takarda a kansa, saboda haka nisan takarda daga idon na'ura, da yawan hasken da ke faɗa mata, da wurin da take kwanciya, duk maƙerin ya riga ya ƙayyade su, mai amfani ba ya da damar kuskurewa. Waya ba ta da gilashin, sai ta jibga wa hannu wannan ɗawainiyar baki ɗaya. Mai ido yana gyara hannunsa ba tare da ya ma lura ba, domin yana kallon hoton kafin ya danna, makaho kuwa sai ya kintaci nisa da tsakiya da miƙewar waya a lokaci ɗaya, yana kuma neman maɓalli da ɗaya hannun. Manhajojin suna ƙoƙarin taimakawa, Seeing AI yakan faɗi gefen takardar da bai gani ba, KNFB Reader kuma, wanda yanzu ake kira OneStep Reader, yakan yi karkarwa idan waya ta karkata, kuma wannan ya wadatar ga takarda ɗaya ko biyu, amma wanda ke da babi mai shafi 40 da zai karanta kafin wayewar gari kafaɗarsa za ta gaji tun bai yi nisa ba. Mariƙin waya, wato duk wani abin da ke riƙe ta a kwance a sama da takarda a tsayi ɗaya da ba ya canzawa, shi ne ke mayar da abin da gilashi ya tafi da shi. Mai awon hatsi ba ya kintata da tafin hannu kowace rana, mudu ya tanada wanda girmansa bai taɓa canzawa ba, kuma matsayin mariƙi ke nan a wajen mai karatu.

Batu na farko shi ne tsayi, kuma yana da lissafi mai sauƙi da ya kamata matashi ya sani don kada ya riƙa bin abin a makance ta fuskar fahimta. Hoto tarin ƙananan ɗigogi ne, kuma masu aikin sikanin sun daɗe da ɗaukar ɗigo 300 a kowane inci a matsayin ma'aunin da rubutu na yau da kullum ke fita da kyau a kansa. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, wanda a wannan ma'aunin yake buƙatar ɗigo 2,480 a kwance da 3,508 a tsaye, jimilla kimanin miliyan 8.7. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da kusan ɗigo 4,000 sau 3,000, ke nan ta isa, amma da sharaɗin takardar ta kusa cika hoton. Idan aka ɗaga wayar har shafin ya ci rabin tsawon hoton da rabin faɗinsa kawai, to kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigogin ne ya faɗa a kansa, sauran sun tafi ga tebur, kuma a nan ne ƙananan haruffa da bayanan ƙasan shafi ke fara narkewa. Kada kuma lambar da aka rubuta a jikin kwali ta ruɗi kowa, domin yawancin wayoyin da ake tallata su da megafiksel 48 ko 50 suna haɗa ɗigo hurhuɗu su zama ɗaya, hoton da suke fitarwa a al'ada bai wuce na 12 da ɗan kai ba. Idan kuma aka sauko da wayar da yawa sai gefen takarda ya fita daga hoto, farkon kowane layi ko ƙarshensa ya yanke. Ga babbar kyamarar galibin wayoyi, tsayin da ya dace da A4 yana kusa da tsawon takardar kanta, wato wajen santimita 30, kimanin taƙi ɗaya da rabi, sai a ƙara ko a rage kaɗan gwargwadon wayar da manhajar.

Kuskuren da ya fi yawa bayan wannan shi ne saita tsakiyar waya da tsakiyar takarda, alhali kyamara ba a tsakiyar waya take ba, tana can sama, sau da yawa ma a kusurwa. Idon kyamarar ne ya kamata ya dubi cibiyar shafi, ko da kuwa sauran jikin wayar ya zarce gefe guda. Hanyar gano cibiyar ba ta buƙatar gani: a naɗe wata takardar A4 da ba a buƙata gida biyu a tsaye, a sake naɗe ta a kwance, inda layukan naɗin suka gitta nan ne cibiya, kuma yatsa yana jin sa sarai. Wayoyin yanzu suna da da'ira biyu ko uku ko huɗu a baya, ba kuma dukansu ne babbar kyamara ba, saboda haka sai a buɗe sashen Seeing AI da ke auna haske, wanda sautinsa ke tashi idan haske ya ƙaru ya kuma sauka idan ya ragu, a riƙa toshe da'irorin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, wadda toshe ta ya sa sautin ya faɗi ita ce manhajar ke kallo da ita. Tsawon waya kuma ya bi tsawon takarda, domin idan aka gicciye su an yi asarar kusan rabin hoton.

Ana sayar da mariƙai da aka ƙera musamman don wannan aikin a ƙasashen Turai da Amurka, wasu masu naɗewa ne da ke shiga jakar makaranta, amma kuɗin shigo da su ya fi amfaninsu ga yawancin ɗalibai, tun da kwali mai ƙarfi yana yin aikin. Ana kifa kwalin, a yanke gefe ɗaya ko biyu don shigar takarda da haske, a huda rami a samansa daidai da cibiyar shafi, ramin kuma ya zama mai yalwa da zai bar idon kyamara da fitilarta da ƙananan ramukan da ke kusa da su a buɗe, saboda ƙuntataccen rami yana sa gefen hoto ya yi duhu, wani lokaci ma kyamarar ta kasa daidaita ganinta. Wanda ya samu hali ya kai awon wajen kafinta ya yi masa na katako ya huta da kwalin da ke lotsawa idan damina ta jiƙa iska. Mariƙin da ake ɗaurewa a bakin tebur mai dogon wuya da ke lanƙwasawa yana da arha kuma yana ko'ina a kasuwa, sai dai wuyan nasa yana rawa na ɗan lokaci bayan an taɓa shi, kuma kowane ture yana canza saitinsa ba tare da mai shi ya sani ba, don haka mai ƙafafu tsayayyu ya fi dacewa da wanda ba zai ga canjin ba.

Abin da ke mayar da kwali kayan aikin makaho na haƙiƙa shi ne alamomin da yatsa ke ji. A ƙasa, a manne siraran katakai biyu ko yankan kwali mai kauri su haɗu su yi kusurwa, ta yadda duk takardar da aka tura sai ta tokare da su ta tsaya a wuri ɗaya. A sama ma a yi wa wayar irin wannan kusurwar, domin da zarar an zura ta idon kyamara ya faɗa bisa rami ba tare da lalube ba. Ba aibi ba ne a nemi mai ido a ranar kafawa ya duba ko kusurwoyin takarda huɗu sun fito a hoto, ko kuma ƙafar mariƙin ta shigo, domin taimakon rana ɗaya ne da ke ɗauke buƙatar taimakon kullum. Ƙasan da takarda za ta kwanta a kai ya zama mai duhu marar sheƙi, kamar baƙin ƙyalle ko baƙin kwali, saboda manhajar tana gano iyakar shafi ne ta bambancin launinsa da abin da ke bayansa, farar takarda a kan farin tebur ko a kan ledar tebur mai zane tana rikita ta.

Haske ne batun da ya fi cancantar a tsaya a kansa, kasancewarsa abin da wanda ba ya gani ko kaɗan ya fi saurin mantawa da shi. Ɗaki yana iya zama cikin duhu tun da aka ɗauke wuta, mai karatu yana ta ɗaukar hoto bai sani ba, kuma ko da akwai ɗan haske, kyamara takan bar idonta a buɗe na tsawon lokaci don ta tara abin da ya ishe ta, a cikin wannan lokacin kuwa ƙaramin motsi ya isa ya sa haruffa su yi dishi-dishi. Mariƙi yana maganin motsin, amma ba ya ƙirƙiro haske, kuma hoton da aka ɗauka a ƙarancinsa yakan cika da ɗige-ɗigen da manhaja ke ɗauka waƙafi ne ko aya. Sashen auna hasken da aka ambata yana da amfani a nan, a fara da shi kafin shafin farko. Mafi kyawun haske shi ne na rana wanda bai faɗo kai tsaye ba, irin na kusa da taga ko na inuwar baranda da hantsi, domin rana tsaka tana yanka shafi gida biyu, rabi fari fat rabi inuwa. Ƙwan fitilar da ke rataye a tsakiyar ɗaki yana da nasa sharrin, wato idan mariƙin yana ƙarƙashinsa daidai, wayar da rufin kwalin su ne za su jefa inuwarsu a kan rubutun.

Ƙa'idar da masu ɗaukar hoton takardu ke bi ita ce a haska shafi daga gefe a karkace, wajen digiri 45, in da hali da fitila biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Dalilinta shi ne haske yana tashi daga abu mai santsi a irin kusurwar da ya sauka, saboda haka wanda ya zo daga gefe yakan wuce ta ɗaya gefen ba tare da ya shiga kyamara ba, wanda kuwa ya fito daga dab da idon kyamara, kamar na fitilar wayar kanta, yakan koma cikin idon kai tsaye ya bar farin tabo a tsakiyar hoto. A kan takarda marar sheƙi fitilar waya tana iya taimakawa, amma a kan mujalla, da kwalin magani, da katin shaida, da takardar shaidar karatu da aka lulluɓe da leda, kashe ta ya fi. Yatsa yana gane irin takardar kafin a ɗauka, mai santsi da sulɓi ita ce mai sheƙi. Alamar wannan matsalar a kunne ita ce farko da ƙarshen shafi su fito daidai amma tsakiyarsa ya ɓace. Ƙananan fitilu masu caji guda biyu da aka yi wa wurin zama na dindindin a gefen mariƙi sun wadatar, kuma suna raba mai karatu da jiran a kawo wuta.

Idon kyamara yana buƙatar goga da ƙyalle mai laushi kafin kowane zama, tun da makaho da yatsa yake nemansa, maiƙon yatsa da ƙurar hunturu kuwa suna sa hoto ya yi hazo. A kashe fanka ko a juya ta, domin shafin da ke kaɗawa daidai yake da hannun da ke rawa. Wajen ɗaukar hoton ma akwai dabara, saboda TalkBack da VoiceOver suna buƙatar taɓi biyu a jere, kuma taɓi mai nauyi yana girgiza mariƙi a daidai lokacin da ake son ya natsu. Mafita ita ce a bar manhajar ta ɗauka da kanta idan tana da wannan tsarin, ko a yi amfani da maɓallin ƙarar murya na iyafis mai waya inda manhajar ta yarda da shi, ko a ɗauka da kyamarar wayar ta asali bayan an sa mata jinkirin daƙiƙa uku, daga baya a tura hoton ga manhajar karatu. Game da fuskar da rubutu yake kuwa, fil ɗin da aka maƙale takardu da shi yakan kasance a kusurwar sama ta hagu, yawancin manhajoji kuma suna juya shafin da ya zo a kife da kansu, saboda haka idan aka ji shiru, abin da ya fi yiwuwa shi ne bayan takardar aka ɗauka.

Littafi ya fi takarda guda wahala nesa ba kusa ba. Idan aka buɗe mai kauri, kowane shafi yakan yi doro sa'an nan ya gangara cikin kwarin tsakiya inda aka ɗinke shi, layukan rubutu su lanƙwashe, kalmomin da ke kusa da ɗinkin su faɗa inuwa su kuma matse, wanda a shafin hagu ƙarshen layuka ne, a na dama kuma farkonsu. Ɗaukar shafi biyu a hoto ɗaya yana da sauri, amma yana raba ɗigogin gida biyu yana kuma ƙara doron, don haka ga littafin karatu mai ƙananan haruffa ya fi kyau a ɗauki shafi ɗaiɗai, a kwantar da wanda ake so a jingine ɗaya ɓangaren a tsaye. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kauri, kamar yadda yake a farkon littafi da ƙarshensa, a sa wani siririn littafi a ƙarƙashin marar kaurin don shafin ya miƙe. Robar ɗaure kuɗi da aka zagaya a can bakin shafuka tana riƙe su ba tare da ta hau rubutu ba, ta fi yatsa, wanda yakan rufe lambar shafi ko kalmar farko ba a sani ba. Littafi mai kaurin santimita biyar kuma yana iya matso da shafinsa kusa da kyamara har da santimita biyar ɗin, wanda zai iya fitar da gefensa daga hoto, sai a ɗaga ƙafafun mariƙin da wani abu mai kauri ɗaya. Takarda mai shara-shara, irin ta ƙamus da wasu bugun Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki, tana nuna rubutun bayanta, maganinta shi ne a zura baƙar takarda a bayan shafin. Kafin a ɗauki shafi 50 a jere a saurari uku na farko, a kuma riƙa duba lambar shafi lokaci-lokaci, saboda shafuka biyu da suka manne suna wucewa tare ba tare da sun yi sanarwa ba.

Ko da hoto ya yi kyau, abin da murya ta karanto ba shi ne takardar ba, fahimtar na'ura ce game da takardar, kuma wajibi ne matashi ya san wuraren da take tuntuɓe. Tana musanya sifili da harafin O, da lamba 1 da ƙaramin l, da 5 da S, da 8 da B, tana kuma haɗe r da n su zama m, musamman a fotokwafin da aka yi daga wani fotokwafin ko rasit ɗin na'urar POS, wanda zafi ne ke rubuta shi kuma yake koɗewa da sauri. Shafi mai ginshiƙi biyu, irin na jarida, wani lokaci ana karanto shi a miƙe daga wannan ginshiƙin zuwa wancan har jimloli su cakuɗe, a rufe ɗaya da farar takarda a ɗauki ɗaya ya fi sauƙi. Jadawali da lissafin da ke da alamomi a sama da ƙasan layi su ne mafi rauni. Rubutun Hausa yana da tasa matsalar, domin galibin manhajojin da Turanci da manyan harsunan Turai aka fi horar da su, sai lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ ta ɓace ko harafin ya rikiɗe ya zama wata alama, ƙafa ta koma kafa, kuma idan muryar da ke karantawa ta Turanci ce sai lafazin ya ƙara dagula abin. Wanda ya iya rubutun Braille kuma ya samu allon Braille na lantarki yana jin kowane harafi a ƙarƙashin yatsansa, wanda bai samu ba kuma yana da damar sa mai karanta allo ya bi kalmar harafi-harafi. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa waya ba ta maye gurbin abin da makarantun makafi irin ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953, suke koyarwa ba, tun da kunne shi kaɗai ba ya koya wa mutum yadda ake rubuta kalma.

Sabbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin Be My AI da kamfanin Be My Eyes na ƙasar Denmak ya fitar a 2023, suna karanta rubutun hannu, suna bayyana jadawali da zane, suna kuma amsa tambaya a kan shafi, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Haɗarinsu dabam yake da na tsohuwar fasaha, kuma a ganin mai wannan rubutu ya fi shi tsanani. Tsohuwar idan ta kasa gane kalma takan furta shirmen da kunne ke kamawa nan take, sabuwar kuwa an gina ta ne a kan hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, saboda haka tana iya cike gurbin da ba ta gani ba da jimla mai daɗin ji wadda ba ta cikin takardar. A labari ko tarihi ɓarnar ba ta da yawa, amma a adadin ƙwayar magani, da ranar ƙarewar aikinsa, da lambar asusu, da ranar jarrabawa da ɗakinta, bai kamata a dogara da karatu ɗaya ba. A ɗauki hoton sau biyu, a gwada da manhaja biyu mabambanta, a saurari lambobin ɗaya-ɗaya, a kuma ƙirga su, tun da lambar asusun banki a Nijeriya alƙaluma 10 ce, BVN da NIN kuwa 11 kowannensu, duk wanda ya gaza haka ko ya zarce an san akwai kuskure. Batun magani kuwa mai bayar da shi ne ke da maganar ƙarshe, a tambaye shi tun a wurin karɓa a kuma yi wa kwalin alamar da yatsa zai gane.

Sirri ma abin lura ne, domin wasu manhajojin suna gane haruffa a cikin wayar, wasu kuma sai sun aika hoton ta intanet zuwa kwamfutocin kamfaninsu. Gwajin yana da sauƙi: a kashe data a ɗauki shafi, idan ya karantu to a cikin waya aka yi aikin. Katin ATM da takardun banki da na asibiti sun fi cancantar irin wannan karatun na cikin gida, kuma bai dace a nuna su a kiran bidiyo ga ɗan sa-kai mai karanta wa makafi da ba a sani ba, komai kyawun niyyarsa. Ta fuskar doka kuwa, yarjejeniyar Marrakesh da aka ƙulla a Maroko a 2013, wadda ta fara aiki a 2016 kuma Nijeriya ta amince da ita a 2017, ta buƙaci ƙasashe su halatta mayar da littattafai zuwa siffar da makafi za su iya karantawa ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ƙunshi wannan tanadin. Sassaucin don masu larurar gani aka yi shi, bai haɗa da sayarwa ko watsa littafi ga kowa da kowa ba. Kafin ɗaliba ta ɓata dare tana ɗaukar takardun darasi ma, ya kamata ta fara tambayar malamin ko yana da su a kwamfuta, saboda abin da aka buga daga kwamfuta asalinsa ya fi kowane hoto tsabta.

Idan karatu ya lalace, kuskuren da matashi kan yi shi ne ya canza komai lokaci ɗaya, ya matsar da fitila, ya ɗaga waya, ya sauya manhaja, wanda ko ya dace ba zai san abin da ya gyara ba. Abin da ya fi shi ne a ajiye shafin gwaji guda mai bugu mai kyau, wanda mai shi ya haddace kalmarsa ta farko da ta ƙarshe, rubutunsa kuma ya kai kusa da kusurwoyi huɗu. Idan shafin gwajin ya fito daidai, laifin na sabuwar takardar ne. Idan shi ma ya lalace, sai a bi haske, sa'an nan tsabtar idon kyamara, sa'an nan zaman waya a kusurwarta, sa'an nan tsayi, ana canza abu ɗaya ana sake ɗauka. Yankewar farkon layuka ko ƙarshensu tana nuna takarda ko waya ta goce, kurakuran da suka bazu ko'ina suna nuna ƙarancin haske ko dattin ido, waɗanda suka taru a gefe ɗaya kuma inuwa ce ko karkata. Kowane babin da aka gama a adana shi nan take da sunan darasi da lambobin shafuka, a kuma bar wayar ta huce tsakanin babi da babi, domin kyamarar da ta daɗe a buɗe tana cin batir tana kuma zafafa waya, musamman a bazara. Sabuwar waya, ko da ta kamfani ɗaya ce da tsohuwar, tana iya zuwa da idonta a wani wurin dabam da kuma faɗin gani dabam, haka ma sabunta manhaja yakan canza yawan abin da take ɗauka, saboda haka a duk lokacin da ɗayan biyun ya faru sai a sake auna tsayin da matsayin ramin da shafin gwajin kafin a ɗora littafi.